Kafin a Busa Usur: Tarihin Saitin Gasa Daga Tulun Ƙuri'a Zuwa Manhaja



A wannan makon za mu ɗan ratse mu leƙa filin wasa, amma kafin mu kammala za ku ga ba mu yi nisa da gida ba. Duk wanda ya shirya gasa a 'yan shekarun nan, ko ta ƙwallon unguwa ce ta hutun Sallah, ko ta makarantu, ko ta wasannin cikin waya, ya san an rage zana jadawali a bayan kwali. Manhajoji irin su Challonge da Toornament sun karɓe aikin. Sai dai kafin manhaja ta fitar maka da jadawali, sai ta tare ka da shafi guda na tambayoyi. Sili-ɗaya-ƙwale za a yi, ko kowa zai kara da kowa? Maki nawa ne na nasara, nawa ne na canjaras? In ƙungiyoyi biyu suka yi kunnen doki a maki, da me za a raba su? Wa aka hana haɗuwa da wa a zagayen farko? Yawancinmu mukan bar saitin yadda muka tarar da shi mu wuce, don muna ɗokin ganin wa zai haɗu da wa.

Masu rubuta manhaja gadon waɗannan tambayoyi suka yi. Kusan kowace ɗaya ta samo asali ne daga wata rigima da aka taɓa yi, ko wani kofi da ya suɓuce wa wanda ke ganin nasa ne. Tarihin wannan shafi za mu bi yau.

Wanda ya rasa abokin karawa

Tsohuwar matsala a shirya gasa ita ce adadin da bai rabu biyu ba. Marubucin nan Lusiyan, wanda ya rayu a ƙarni na biyu bayan haihuwar Annabi Isa (AS), ya bayyana yadda ake haɗa 'yan kokawa a wasannin Olimfiya na tsohuwar Girka. Akan zuba 'yan ƙananan ƙuri'u a cikin tulun azurfa, kowane harafi a jikin ƙuri'a biyu. Waɗanda suka ciro harafi iri ɗaya su za su kara. In adadin mutanen mara ne, wanda ya ciro harafin da ba shi da ɗan'uwa sai ya koma gefe ya zauna, ya jira waɗanda suka gaji da kokawa alhali shi ko gumi bai yi ba. Tun a wancan zamani ana ganin wannan zama a matsayin babbar sa'a.

Matsalar ta biyo mutane har zamanin ƙwallon ƙafa. Lokacin da aka fara gasar Kofin FA a Ingila a kakar 1871 zuwa 1872, ƙungiyoyi 15 ne suka shiga. Queen's Park ta Sikotlan ta kai wasan kusa da na ƙarshe ba tare da ta taɓa ƙwallo ba, saboda janyewar abokan karawa da kuma tsallakar da ita da aka riƙa yi. Da ta zo Landan ta yi canjaras da Wanderers babu ci, aka ce a sake wasa, sai kuɗin sake dawowa ya gagara, ta janye. Wanderers ta wuce ta ci Royal Engineers 1-0 a watan Maris na 1872. A shekarar da ta biyo baya aka yi abin da ya fi wannan: aka ce mai riƙe da kofi ta zauna kawai ta jira wasan ƙarshe. Gasar ƙwallon tanis ta Wimbledon ta riƙe irin wannan al'ada har zuwa 1921, zakaran bara yana zaune, saura na kashe kansu don su kai gare shi.

Yau lissafin ya zauna. Sili-ɗaya-ƙwale na tafiya sumul ne kawai in adadin ƙungiyoyi ya kasance 4, 8, 16, 32 da makamantansu. In kana da ƙungiyoyi 13, manhaja za ta cike gurbin zuwa 16, wato uku za su tsallake zagayen farko kyauta. Tambayar da za ta yi maka ita ce: su wa za a ba wannan kyauta, gwanaye ko waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa? Tambayar tulun azurfa ce ta dawo a fuskar waya.

Kada zakaru su haɗu tun da safe

A 1851 Howard Staunton ya shirya gasar ƙasa da ƙasa ta farko ta wasan ces, wato darar Turawa, a Landan. Mutum 16 suka shiga, aka yi sili-ɗaya-ƙwale, aka haɗa su da ƙuri'a. Tun a zagayen farko sai ƙuri'a ta haɗa Adolf Anderssen na Jamus da Lionel Kieseritzky, dukkansu cikin manyan gwanayen zamanin. Dole ɗaya ya koma gida tun kafin gasa ta yi zafi, alhali waɗanda ba su kai shi ba sun yi gaba. Anderssen ne ya lashe gasar, amma an fita da ƙorafi a kan tsarin. Da aka sake taruwa a Landan a 1862 sai aka sauya, aka ce kowa ya kara da kowa. Anderssen ya sake lashewa, wannan karon babu mai cewa ƙuri'a ce ta taimake shi.

Wanda ya zauna ya yi wa matsalar lissafi marubuci ne kamarmu. Charles Dodgson, malamin lissafi a Oxford wanda duniya ta fi sani da sunan alƙalaminsa Lewis Carroll, ya fitar da wata 'yar ƙasida a 1883 a kan gasar tanis. Ya nuna cewa in mutum 32 suka shiga gasa aka haɗa su da ƙuri'a, ko da a ce wanda ya fi iyawa ne ke cin wasa kullum, na biyu a ƙwarewa ba zai kai wasan ƙarshe ba sai in ya faɗa a ɗaya ɓangaren jadawali, nesa da gwanin gwanaye. Guraben da suka rage 31 ne, 16 ne kawai a wancan ɓangaren. Ke nan kusan sau ɗaya cikin biyu, kyautar na biyu na tafiya hannun wanda ba shi ne na biyu ba.

Maganin da aka samo shi ne ware gwanaye: a jera 'yan wasa bisa ƙarfinsu, a ajiye na ɗaya a saman jadawali, na biyu a ƙasa, ta yadda ba za su haɗu ba sai a ƙarshe. Wimbledon ta rungumi wannan tsari bisa cancanta a 1927, a 2001 kuma ta faɗaɗa adadin waɗanda ake warewa zuwa 32. Amma maganin ya zo da nasa ciwon. Wa zai ce wane ya fi wane? Da farko kwamiti ne, kwamiti kuwa mutane ne masu son rai. Shi ya sa masu wasan ces suka koma ga lambobi: tsarin auna ƙarfin ɗan wasa na Arpad Elo, wanda hukumar ces ta Amurka ta karɓa a 1960, hukumar duniya ta FIDE kuma a 1970.

Maki nawa ne nasara?

Sili-ɗaya-ƙwale na da sauri, domin ƙungiyoyi 20 wasa 19 kawai suke buƙata a sami zakara. Illarsa ita ce rabin ƙungiyoyi na komawa gida bayan wasa ɗaya, ƙungiyar da ke biyan 'yan wasa albashi kuwa ba za ta rayu a haka ba. Wannan ne ya sa William McGregor na Aston Villa ya kira taron da ya haifar da gasar lig ta Ingila a 1888: ƙungiyoyi 12, gida da waje, kowace wasa 22. Abin mamaki, an fara buga gasar ba a yanke yadda za a ƙirga maki ba. Sai da aka yi makonni ana wasa sannan aka tsayar da maki biyu ga nasara, ɗaya ga canjaras. An yi sa'a Preston North End ta lashe ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, don haka babu wanda ya sami bakin magana.

Maki biyu ya yi shekara 93 yana aiki a Ingila. Aibinsa shi ne canjaras rabin nasara ne cif, don haka ƙungiyar da ta je waje takan tare gida ta ƙwaci makinta ɗaya ta koma. A 1981, bisa shawarar da Jimmy Hill ya daɗe yana tallatawa, aka mayar da nasara maki uku. Gasar Kofin Duniya ta bi sahu a 1994, daga nan ya zama ruwan dare. 

Kowa-da-kowa shi ma yana da iyaka. Ƙungiyoyi 20 gida da waje wasa 380 ne. Mutum 100 kuwa, ko sau ɗaya za su kara, wasa 4,950 ne a zagaye 99. Daga nan tsari na uku ya fito, wanda aka fara gwadawa a gasar ces a birnin Zurich a 1895, shi ya sa ake kiransa tsarin Suwizalan. Ba a korar kowa, kuma ba kowa ke haɗuwa da kowa ba. Bayan kowane zagaye, mai maki uku zai haɗu da mai maki uku, mai ɗaya da mai ɗaya, kuma mutum biyu ba sa haɗuwa sau biyu. A zagaye bakwai ana iya tace mutum 128. Wahalarsa ita ce ba a iya rubuta jadawali tun farko. Kowane zagaye sai an sake lissafi. Shekaru da dama alƙalai na yin wannan da katuna a kan tebur, kuma a nan ne kwamfuta ta fara zama dole.

Idan aka yi kunnen doki

Babu sashen da ya kai wannan haifar da kuka. A kakar 1923 zuwa 1924 Huddersfield Town da Cardiff City suka gama da maki 57 kowace. Dokar lokacin ita ce a raba ƙwallayen da ka ci da waɗanda aka ci ka. Huddersfield ta ci 60 an ci ta 33, ya ba da 1.818. Cardiff ta ci 61 an ci ta 34, ya ba da 1.794. Da tazarar 0.024 kofi ya tafi Huddersfield. Da a ce da dokar yau ake aiki, wato a ɗebe maimakon a raba, dukkansu rarar ƙwallo 27 gare su, sai a duba wanda ya fi zura ƙwallo, kofi ya tafi Cardiff. Har yau Cardiff ba ta taɓa ɗaukar wannan kofi ba.

Ingila ta koma ga rarar ƙwallaye a 1976, kuma bayan shekara 13 aka ga ɗaya fuskar al'amarin. Ranar 26 ga Mayu 1989 Arsenal ta je Anfield tana buƙatar cin Liverpool da tazarar ƙwallo biyu, Michael Thomas ya ci ta biyu a mintin ƙarshe. Maki 76 kowace, rarar ƙwallo 37 kowace, amma Arsenal ta zura 73, Liverpool 65. Arsenal ta ɗauki kofi. Da tsohuwar dokar rabawa ce, na Liverpool ne. A Sifaniya kuwa abin da aka fara dubawa shi ne yadda ta kaya tsakanin ƙungiyoyin biyu. A 2007 Real Madrid da Barcelona suka gama da maki 76, Barcelona ta fi rarar ƙwallaye nesa ba kusa ba, amma Madrid ta ci ta 2-0 a gida ta kuma yi 3-3 a waje, sai kofi ya tafi Madrid. Ƙwallayen da aka ci ba su sauya ba a duk waɗannan misalai. Jerin ƙa'idojin raba gardama ne, wace ke sama wace ke ƙasa, ya nuna inda kofi zai kwana.

In duk ƙa'idojin suka ƙare fa? Sai a koma ga tulu. A gasar Turai ta 1968 Italiya da Tarayyar Sobiyet suka tashi babu ci a wasan kusa da na ƙarshe, aka jefa kwabo sama, Italiya ta wuce har ta ɗauki kofin. A shekarar ne kuma ƙuri'a ta fitar da Isra'ila a hannun Bulgeriya a wasannin Olimfik, abin da ya ƙara zaburar da neman mafita, har aka amince da bugun fenareti a 1970. Amma fenareti na raba wasa ɗaya ne, ba ya raba teburin rukuni. Shi ya sa a Kofin Afirka na 1988 a Maroko ƙuri'a ce ta tsallakar da Aljeriya ta bar Kwaddibuwa, a na 2015 kuma aka zauna a birnin Malabo ƙuri'a ta ba Gini aka bar Mali, bayan kowace ta yi 1-1 sau uku. A Kofin Duniya na 2018 Senegal da Japan suka yi daidai a maki, a rarar ƙwallaye, a yawan ƙwallaye, karawarsu kuma 2-2. Aka ƙirga katin gargaɗi: Senegal shida, Japan huɗu. Japan ta san da haka, don haka ta shafe mintunan ƙarshe na wasanta da Polan tana yawo da ƙwallo a bayanta alhali ana cin ta 1-0. Senegal ta dawo gida.

Sai bango ya tsage

Misalin Japan ya kai mu ga babban darasin wannan tarihi: 'yan wasa na karanta doka fiye da wanda ya rubuta ta. Ranar 25 ga Yuni 1982 a garin Gijon na Sifaniya, Jamus ta Yamma ta kara da Ostiriya. Aljeriya, wadda ta girgiza duniya da cin Jamus 2-1, ta riga ta buga wasanta na ƙarshe kwana ɗaya kafin nan. Kowa ya san lissafin: in Jamus ta ci da ƙwallo ɗaya ko biyu, ita da Ostiriya za su wuce tare. Horst Hrubesch ya ci a minti na 10, daga nan aka shafe sauran wasan ana tura wa juna ƙwallo, 'yan kallo na ihu. Aljeriya ta fita. Daga gasar 1986 aka wajabta buga wasannin ƙarshe na rukuni a lokaci guda. Wannan akwati da ke cewa a haɗa lokacin wasannin ƙarshe, hawayen Aljeriya ne suka saye shi.

A watan Janairun 1994, a wasannin share fagen Kofin Karebiyan, masu shiryawa suka zo da sabon abu: babu canjaras, in an tashi daidai a tafi ƙarin lokaci, ƙwallon farko ta ƙare wasa, kuma a ƙirga ta biyu. Barbados na buƙatar cin Grenada da tazarar biyu. Tana gaba da 2-0 sai Grenada ta farke ɗaya saura 'yan mintuna. Da Barbados ta ga lokaci na ƙurewa, sai ta juya ta zura ƙwallo a ragarta da gangan, aka koma 2-2, don a tafi ƙarin lokaci inda ƙwallo ɗaya za ta zama biyu. 'Yan Grenada suka farga cewa ko a wace raga suka ci za su wuce, sai ga Barbados na tsaron raga biyu a lokaci guda. Aka tafi ƙarin lokaci, Barbados ta ci, aka rubuta 4-2. Babu dokar da aka karya. A wasannin Olimfik na Landan a 2012 ma an kori mata takwas 'yan wasan badmintin na Sin da Koriya ta Kudu da Indunusiya, saboda suna ƙoƙarin faɗuwa da gangan don su kauce wa gwanaye a zagaye na gaba.

Mu ma muna da namu. A watan Yulin 2013, a wasannin neman hawa ƙaramin rukunin lig na Najeriya da aka buga a Bauchi, Plateau United Feeders da Police Machine suka zo wasan ƙarshe kankankan, rarar ƙwallaye ce za ta raba su. An tafi hutun rabin lokaci Feeders na cin Akurba 7-0, Police Machine na cin Bubayaro 6-0. Da aka tashi, 79-0 ne da 67-0. Ƙwallo 72 a minti 45, fiye da ɗaya da rabi a kowane minti. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara 10, ta haramta wa 'yan wasan da jami'ansu harkar ƙwallo har abada. Ƙa'idar da aka kawo don ta ƙarfafa kai hari, ita ce ta zama ƙofar abin kunya, domin ta jingina makomar ƙungiya a kan abokin karawar da ba shi da abin da zai rasa.

Da aiki ya koma hannun na'ura

Ƙa'idoji suka yi ta taruwa har suka fi ƙarfin takarda da fensir. A Amurka wasu ma'aurata, Henry da Holly Stephenson, sun shafe fiye da shekara 20 suna tsara jadawalin babbar gasar ƙwallon gora daga gidansu, kafin wani kamfanin masana lissafi ya karɓi aikin a kakar 2005. A wasan ces, manhajoji irin su Swiss-Manager ta Heinz Herzog ɗan Ostiriya suka maye gurbin katunan alƙalai, FIDE kuma ta riƙa gwada su kafin ta amince da su. Alƙali zai shigar da adadin zagaye da jerin ƙa'idojin raba gardama tun kafin a motsa ɗan dara ko ɗaya, manhaja ta yi sauran.

Amma na'ura abin da aka ɗora mata take yi. Ranar 13 ga Disamba 2021 hukumar UEFA ta raba jadawalin zagayen 'yan 16 na Kofin Zakarun Turai a garin Nyon. Ƙa'ida biyu ce: waɗanda suka fito daga rukuni ɗaya ko ƙasa ɗaya ba sa haɗuwa. Manhaja ce ke gaya wa jami'ai sunayen da za a zuba a kwano. Sai ga Manchester United ta fito wa Villarreal, alhali rukuninsu ɗaya. Aka gyara, aka ci gaba. Da aka zo kan Atletico Madrid sai aka bar United a waje, ita da ta cancanci shiga, aka saka Liverpool wadda ba ta cancanta ba. Duniya na kallo kai tsaye. UEFA ta ɗora laifin a kan manhajar kamfanin da ta ɗauka, ta soke komai, aka sake bayan 'yan sa'o'i. Real Madrid da ta sami Benfica da farko sai ta tashi da PSG, karawar Messi da Ronaldo da aka fara murna kuma ta bi ruwa.

Duk da haka ba a koma baya ba. A 2024 gasar ta koma ƙungiyoyi 36 a tebur guda, kowace wasa takwas: biyu daga kowace tukunya cikin huɗu, ɗaya a gida ɗaya a waje, ban da 'yan ƙasarku, kuma kada a wuce biyu daga wata ƙasa guda. Wasa 144 ke nan. Ana kiransa tsarin Suwizalan, ko da yake ya saɓa da na Zurich tunda an san dukkan abokan karawa tun farko. Yin wannan da hannu zai ci ɗaruruwan ƙwallayen ƙuri'a da sa'o'i masu yawa, don haka mutum ya ciro suna ɗaya, kwamfuta ta zaɓo takwas ɗin. FIFA ma da ta faɗaɗa Kofin Duniya na 2026 zuwa ƙasashe 48, ta fara da shirin rukuni 16 na uku-uku, amma a 2023 ta koma rukuni 12 na huɗu-huɗu. A rukunin ƙasa uku dole ɗaya ta zauna tana kallon biyu na buga wasan ƙarshe, kamar Aljeriya a 1982.

Ina ruwanmu da wannan?

Mu ma 'yan gasa ne, kuma saitin gasa ya taɓa sauya adabinmu. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya a ƙarƙashin Rupert East ta kira gasar rubutu, da sharaɗin a kawo ƙagaggen labari a zube, da rubutun boko. A lokacin malamai sun fi sabawa da waƙa da ajami. Wannan sharaɗi ne ya fito mana da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata da sharaɗin mata zalla da kuma taƙaitaccen adadin kalmomi, sai ga sunayen marubuta mata da da dama ba su taɓa ji ba. Wanda ya rubuta sharaɗi, shi ya zaɓi waɗanda za a gani. A kokawar neman takobi ta Nijar, da ake yi tun 1975, faɗuwa ɗaya ke fitar da mutum daga sahun masu neman sarauta, shi ya sa kowace karawa ke da nauyin da take da shi.

Don haka duk ranar da za mu shirya gasar gajerun labarai ko ta waƙa a tsakaninmu, mu tuna ba a fafe gora ranar tafiya. A rubuta komai kafin a karɓi labari ko ɗaya: alƙalai nawa ne, me kowane maki ke aunawa, za a cire sunayen marubuta ko a'a. In labari biyu suka yi daidai, me za a fara dubawa, me zai biyo baya? In za a bar wa masu karatu zaɓe ta hanyar latsa alamar so, mu tambayi kanmu tun yanzu me zai hana mai abokai dubu biyar ya yi mana irin ta Bauchi. Sannan a ɗauki sharuɗɗan a ba wanda ya fi kowa wayo a cikinmu, a ce ya nemo ta inda zai ci ba tare da ya fi kowa iya rubutu ba. In ya samo, a toshe.

Akwai kuma riba ga alƙalaminmu. Mukan koka cewa jigo ya ƙare, sai soyayya da kishiya, alhali ga ɗan wasan bayan Barbados tsaye a gaban ragarsa da ƙwallo a ƙafa, ya san hanyar ceton ƙasarsa ita ce ya ci gida. Ga mai tsaron ragar da aka ci sau 72 a minti 45, wanda zai koma unguwarsu da yamma ya haɗa ido da mutane. Ga jami'in Mali da ya sa hannunsa cikin kwano ya ciro ƙuri'ar da ta fitar da ƙasarsa. Duk waɗannan labarai daga layi ɗaya na doka suka tsiro, irin layin da muke tsallakewa ba mu karanta ba.

Wanda ya taɓa shirya gasa ko ya shiga wadda aka yi rigima a kan sakamakonta, ya ba mu labarin ƙa'idar da ta jawo, ba tare da kama suna ba.